Neman kalma: me za mu kira precision a harbin bindigar farauta?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya tak. Kawuna maharbi ne, a Dala yake zaune, kuma bindigarsa mai lasisi ce, irin marar nauyin nan da ba ta kai kilo 3 ba. Jiya bayan la'asar ya miƙo min takardar Turanci da ta zo da ita, ya ce, "Ɗana, karanta min da Hausa." Ina cikin fassara sai na ci karo da accuracy da precision. Duka biyun na ce masa saiti. Ya ɗago kai ya ce, "A'a, ai ba abu ɗaya ba ne."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalaye biyu da ya taɓa gwada harbi a kansu. A na farko huji biyar sun cure wuri guda, tafin hannun yaro zai rufe su, amma can gefen hagu, nesa da baƙin ɗigon tsakiya. A na biyu hujin sun kewaye ɗigon, sai dai kowanne ya kama gabansa. Ya ɗora yatsa a na farko: "Bindigar da ta yi wannan lafiyarta ƙalau, madubin saiti kawai za a murɗa. Waccan kuwa, ko kwana ka yi kana murɗa madubi ba za ta gyaru ba."

To, saiti ya ishe mu a wurin accuracy, wato harsashi ya faɗa inda ka auna. Kalmar da nake nema ta kwali na farko ce, wato precision.

Na gode da amsoshin da suka shigo. Wani ya ce daidaito. Ban karɓa ba, don daidaito ya yi faɗi, daga awon hatsi har shari'a ana faɗarsa. Wata 'yar uwa ta ce ƙwarewa, amma ƙwarewa ta maharbi ce, mu kuwa halin bindigar muke magana. Akwai wanda ya ce mu ara kawai mu ce firesishan. Ni ba na ƙyamar aro. Bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci muka samo su, yau wa zai ce ba Hausa ba ne? Sai dai idan na ce wa Kawu firesishan, sai na sake yi masa wani bayanin.

Tawa shawarar ita ce dunƙulewa. Harbi ya dunƙule, ko harbi ya warwatse. Tana ma aunuwa: Turawa suna da ma'aunin da suke kira MOA, ɗaya daga cikinsa kusan santimita 2.9 ne a nisan mita 100, kuma bindigar farauta da ta dunƙule harbinta cikin wannan faɗin ana yaba mata.

Ku gwada ta a baki ku ji. Me ya sa bindiga marar nauyi take saurin rasa dunƙulewa? Bututunta siriri ne, harbi uku ko huɗu a jere ya ɗau zafi, sai harsashi ya fara yawo; maganinsa a bar ta ta huce. Idan katakon ƙota yana taɓa bututu, nan ma harbi zai warwatse, balle da damina da itace ke kumbura. Kawu takardar naira yake zurawa tsakaninsu, in ta wuce sumul har gindi, to lafiya. Sai ƙusoshin da suka saki, da kunama mai tauri wadda sai ka ja da ƙarfi bakin bindiga ya kauce. Babbar damuwata ita ce shuri: iya rashin nauyin bindiga iya ƙarfin shurinta a kafaɗa, sai mutum ya riƙa runtse ido tun kafin ta tashi. Daga wannan runtse idon ake samun dabba a cinya ta shige daji da rauni, kuma wannan zalunci ne.

A fassarar Kawu dai na rubuta saiti da dunƙulewa. Na karanta masa, ya gyaɗa kai bai tambaye ni ma'ana ba. Malamanmu masu nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero, da iyayenmu maharba masu bindigar toka, idan akwai tsohuwar kalma da kuka gada, don Allah ku kawo ta, zan goge tawa in sa taku.