Neman shawara kan tattara littattafan yara

Maman Aisha: Assalamu alaikum. Mu wasu mata ne a unguwarmu a Kano da muka haɗa kai domin tattara littattafan yara mu raba wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, sai dai yawancin waɗanda ake kawo mana na Turanci ne da suka fi ƙarfin 'yan firamare. Ina za mu samu na Hausa, kuma yaya ya kamata mu raba su?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Allah ya saka muku da alheri. Ku tuntuɓi kamfanin Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) na Zariya, wanda ya daɗe yana buga littattafan Hausa na makarantu, sannan ku roƙi iyayen da 'ya'yansu suka gama firamare su ba ku tsofaffin littattafansu a ƙarshen zangon karatu, kafin masu ƙosai su naɗe kaya da su.

Hajiya Binta: Ni dai shawarata, Maman Aisha, kada ku bayar kyauta gaba ɗaya. Ku ajiye su a gidan ɗaya daga cikinku, yara su riƙa aro duk ranar Asabar ana rubuta sunayensu, domin ta haka littafi guda zai zagaya gidaje da yawa.