Rini, gado ko saƙa: cigiyar kalma kan sauya wa gwarzo launin fata

Jama'a, ina da cigiya. Kwana uku ke nan ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki abin da masu bibiyar finafinan Marvel da DC, kamfanonin littattafan zane na gwaraza a Amurka, ke kira "racebending". Wato gwarzon da aka sani shekara da shekaru Bature ne, a wayi gari an mayar da shi baƙar fata ko ɗan Asiya, ko kuma a yi akasin haka. Na ce gwarzo ban ce jarumi ba, don Kannywood ta riga ta ƙwace "jarumi" ta ba ɗan wasa.

Abin da ya tayar da zancen, ranar Asabar muna kallo da ƙanena, Nick Fury ya shigo da doguwar baƙar kwat da ido ɗaya a rufe, sai na ce ai asalin mutumin nan Bature ne. Yaron ya ajiye cokali. "Haba Yaya, Samuel L. Jackson ɗin?" Sai da na lalubo masa zanen farko a waya: 1963, aikin Stan Lee da Jack Kirby, farin sajan na yaƙin duniya na biyu da guntuwar taba a baki. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce wannan dai kwaikwayo ne. Shi a wurinsa na asalin ne jabu. A 2002 aka zana Fury da fuskar Jackson a littafin The Ultimates, a 2008 Jackson da kansa ya leƙo a ƙarshen Iron Man, shi ke nan magana ta zauna.

Ita kalmar Turancin ma ba tsohuwa ba ce. Daga ƙorafi kan fim ɗin The Last Airbender na 2010 ta fito, lokacin da aka ba Turawa matsayin yaran da katun ɗin asali ya gina kan al'adun Asiya da na Inuit, mutanen yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Kun ga da kukan an farar da mutane ta fara, yau kuma an fi jin ta a bakin masu kukan an baƙanta musu gwarzo.

Ga waɗanda na gwada suka faɗi. "Sauyin jinsi" na fara rubutawa, na goge nan take, don duk mai karatu zai ɗauka namiji aka mayar mace. "Sauya ƙabila" ta yi ƙunci, a kunnenmu tamkar Bahaushe ne ya koma Bayarabe. "Canjin launi" daidai take amma ba gishiri, ko ɗaki aka yi wa fenti haka za a ce. Wani aboki ya kawo "wankiya", yadda 'yan fim ke faɗa idan an kwashe labarin Indiya an sa masa hula. Ba ta hau ba, don mai wankiya kayan wani ya ɗauka, su kuwa Marvel nasu suke juyawa. Wata 'yar uwa ta ce ai sake wa tuwo suna ne. Hajiya, a nan sunan ne kaɗai ba a taɓawa, tuwon ake sakewa.

Wadda ta tsaya min a rai ita ce rini.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ya san yadda abin yake. Marini ya tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi yana ɗiga, a lokacin kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya fara juyewa shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, har launin ya kai inda ake so. Zaren nan dai shi ne, saƙar ita ce, faɗin da tsawon ba abin da ya ƙaru. To haka aka yi wa Heimdall da aka ba Idris Elba a Thor na 2011, haka aka yi wa Johnny Storm da aka ba Michael B. Jordan a Fantastic Four na 2015. Suna ɗaya, aiki ɗaya, baiwa ɗaya, an dai tsoma an ɗago.

Kuma kalmar tana tafiya a baki ba tuntuɓe. An rina Nick Fury. Rinannen gwarzo. Kamfanin ya cika rini. Har da abin da Turancin ba ya ba mu: muna iya cewa rinin ya kama, ko rinin ya zuba. Na Fury ya kama, shaida kuwa ƙanena.

Amma babban amfaninta a wurina shi ne ta raba abubuwan da masu gardama ke cakuɗawa. Kullum za ka ji an ce an mayar da Spider-Man baƙi. Ba a yi ba. Peter Parker, Spider-Man na asali, yana nan Baturensa. Miles Morales, wanda Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka ƙirƙira a 2011, wani yaro ne daban, ubansa baƙar fatar Amurka, uwarsa 'yar Puerto Rico, da gidansu a Brooklyn da matsalolinsa. Riga ya gada. Haka Sam Wilson, wanda tun 1969 yake Falcon kafin ya karɓi garkuwar Captain America a 2014. Mu da muka san sarauta bai kamata wannan ya rikita mu ba: in an naɗa sabon Galadima, ba wanda ke cewa an canza wa tsohon kamanni. Wannan gado ne, mai shi kuma magaji.

Na uku shi ne saƙa, wato a kafa zare tun daga farko. Black Panther a 1966. Static da Icon da Hardware na kamfanin Milestone, wanda Dwayne McDuffie da abokansa baƙar fata suka kafa, littattafansu suka fara fita a 1993. A nan kusa ma akwai Malika ta Roye Okupe, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau.

Da kalmomin nan uku, gardamar da ake cika intanet da ita ta koma tambaya gajera: rini ko saƙa? Ni dai in kun tambaye ni, na san abin da ya sa kamfani ya fi son karofi. Rigar da ta yi shekara sittin a kasuwa tana da masu saye, ba sai an yi mata talla ba, sabuwar saƙa kuwa sai an zuba kuɗi an yi haƙuri. Masu cewa "ku je ku ƙirƙiri naku" sukan manta da wannan, kamar ba a ƙirƙira ba ne, alhali Static ya haura shekara talatin bai samu babban fim nasa ba. Su kuma masu tafa wa kowane rini sun manta Black Panther na 2018 ya tara sama da dala biliyan 1.3, ba tare da ya ari rigar kowa ba.

Ba kowane ƙyalle ke karɓar baba ba kuma. Fury ɗan leƙen asiri ne, fatarsa ba ta riƙe labarinsa ba. Magneto kuwa Bayahude ne da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, T'Challa, wato Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ne da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba. Su asalinsu a cikin zaren yake, in ka taɓa shi rigar ce za ta yage.

Saura inda kalmar tawa ta gaza, gara in faɗa kafin Malaman Hausa su kamo ni. Rini daga fari yake zuwa duhu, ba a tsoma baƙi a ɗago fari. To me za mu kira abin da aka yi a Doctor Strange na 2016, da aka ba Tilda Swinton matsayin tsohon malamin da littafi ya ce mutumin Tibet ne? Matasa za su ce bilicin, kuma wallahi ta ba ni dariya, amma na fi karkata ga koɗarwa: an koɗar da shi, kamar atamfar da ta sha rana da sabulu.

Sai Namor, wanda har yanzu ban san akwatin da zan sa shi ba. Tun 1939 yake cikin littafi, an san shi da sarautar Atlantis ta ƙarƙashin teku. A Wakanda Forever na 2022 aka ba Tenoch Huerta ɗan Meziko, aka sauya masa gari zuwa Talokan, aka ba mutanensa harshen Maya da tarihin zuwan Sifaniyawa. Wannan ya wuce tsomawa a karofi, warware rigar aka yi aka sake saƙa ta da tsohon zare. Mutanen Kura da na Zariya, masaƙa suna da sunan wannan aikin? A ajiye min a ƙasa, don Allah.