Falo mai sauƙi: wa ya taɓa rage kaya da kansa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa gyara falonsu da hannunsu nake so su bani labari, ba hoton shafin intanet na Pinterest nake nema ba. Falona ba wani ƙarami bane amma duk sanda na shigo sai inji kamar ya danne ni. Kujeru saiti ɗaya da rabi, teburin tsakiya, ƙananan tebura huɗu, kabad ɗin gilas shaƙe da kayan ado, fulawar roba a kowace kusurwa, ga labule mai ninki uku. Jiya ina goge ƙura na ƙirga abubuwan da nake ɗagawa in goge ƙarƙashinsu in mayar, guda 43. Satin da ya wuce kuma ƙaramin yarona ya buga goshi a bakin tebur saboda ba hanyar wucewa, abin ya tsaya min a rai sosai. Amma ni fa ina son kala ina son ado, bana son farin falon nan da ake yayi. Dole ne sai na koma wannan salon kafin falo yayi sauƙi?

Anti Zee:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba dole bane, ni na bi ta wannan hanyar kuma na sha wahala. Na ga salon mutanen Sikandinabiya, wato su Suwidin da Denmak da Nowe, ya burge ni, na fente bango fari tas na sa kujera ruwan toka na kwashe komai. Wallahi wata uku bana jin daɗin zama a ciki, da dare yayi sai wurin yayi wani irin sanyi kamar ɗakin jira. Sai daga baya na gane su can suna sa farin bango ne saboda lokacin hunturu ranarsu gajera ce, bangon ne yake maido musu da ɗan hasken da suka samu, kuma basa barinsa haka tsirara, suna haɗa shi da katako da bargon ulu da fitilu masu laushi. Ni kuma farin kawai na ɗauko na bar sauran. Kwan fitilata ma mai 6500K ne, irin farin nan mai kashe ido. Ranar da na canja zuwa mai 2700K, mai haske ruwan ɗorawa mai laushi, na sa fitilar tsaye ɗaya kusa da kujera, na kawo teburin katako da kafet mai ɗan kauri, ranar falon ya zama na mutane. Ki duba jikin kwalin kwan fitilarki, lambar tana rubuce.

Baban Yara:
Hajiya sannu da jinyar yaro, Allah Ya kiyaye gaba. Ni sana'ata kafinta, kuma abin da na fi gani shi ne mutane na sayen kujera da ido ba da tef ba. A shago ɗaki faffaɗa ne, kujera tana yin ƙarama, sai an kawo gida ta cinye rabin falo. A gidana ma na taɓa yin haka da wata babbar kujera mai kwana da na haɗa da hannuna, kyau kam tayi kyau amma ƙofar baranda bata buɗuwa duka, shekara ɗaya muna shiga a karkace kafin na haƙura na raba ta biyu. Yanzu awon da nake bi: tsakanin kujera da teburin tsakiya kamar santimita 45, hanyar da ake wucewa 75 zuwa 90, hoto a bango kuma tsakiyarsa ta zo wajen 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Kafin ki sayi komai ko ki matsar da komai, ki liƙa salatif a ƙasa daidai girman abin, ki kwana biyu kina zagaye shi. Sannan kujera mai dogayen ƙafafu da ake hango ƙasa ta ƙarƙashinta tana sa ɗaki ya sha iska fiye da wadda ta zauna daɓas, shi yasa kujerun salon shekarun 1950 har yau ake kwaikwayonsu.

Ummu Hanan:
Ni irinki ce 'yar uwa, in ba kala bana jin ina gida. Salon Maroko nake so tun da daɗewa, fitilun tagulla masu huji-huji, tayil ɗin nan nasu da ake kira zallij, jan kafet mai zane. Da farko duk na tara su wuri ɗaya, labule zane, kujera zane, filalluka zane, kafet zane, ido baya samun inda zai huta, har ƙawata tace min kowa a ɗakin nan magana yake ba mai sauraro. Maganarta ta shige ni. Sai na zaɓi abu ɗaya da zai yi maganar, kafet ɗin, dan shi na fi ƙauna. Na canja rigar kujeru zuwa ruwan ƙasa mai haske marar zane, labule ma haka, filalluka daga goma sha ɗaya suka koma huɗu kuma kalarsu daga jikin kafet ɗin na ciro. Akwai lissafin da masu adon ɗaki ke yi, 60, 30, 10, wato kala ɗaya ta mamaye kashi 60 kamar bango da manyan kujeru, ta biyu 30, mai ƙarfin kuma 10 kawai. Ban auna da ma'auni ba amma na riƙe shi a kai. Abin mamaki yanzu duk wanda ya shigo kafet ɗin yake fara yabawa, alhali shekara huɗu yana nan a shimfiɗe ba wanda ya taɓa lura da shi.

Yaya Sadi:
Ina goyon bayan ragewa amma kar a wuce gona da iri. Na taɓa kwashe kujeru na koma zaman ƙasa irin na Jafan, gajeren tebur da matasai, ni da yara mun ji daɗi ƙwarai. Da mahaifina ya zo mana kwana biyu, gwiwarsa bata bari ya zauna ƙasa, ina kallonsa yana dafa bango zai miƙe, kunya ta kama ni. Washegari na dawo da kujera biyu masu hannu. Ki fara tunanin su waye ke zama a falon kafin ki fitar da wurin zama.

Anti Zee:
Gaskiya ne Yaya, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Amma akwai abu ɗaya na Jafanawan da na ɗauka kuma ya min amfani. A tsofaffin gidajensu akwai wani ɗan lungu da suke kira tokonoma, rubutu ko zane ɗaya suke ratayewa da fure ɗaya, in yanayi ya juya su canja. Haka nake yi da kanta ɗaya a falona, abu uku a kai, sauran suna ajiye, bayan wata biyu in sauya. Ban zubar da komai ba kuma kullum kamar sabo.

Maman Iman:
Ni tawa matsalar ba salo bace, zuciya ce. Rabin kayan falona kyauta ne, na mahaifiyata Allah Ya ji ƙanta, na ƙawaye, na 'yan uwan miji, duk wanda na ɗauka sai inji kamar mutumin zan fitar. Abin da nayi, na samo kwali biyar na kwashe komai na ado, komai fa, na kai ɗaki na rufe, nace duk abin da na ji kewarsa cikin wata ɗaya zan ɗauko. Kwana biyu kawai nayi na je na ɗauko agogon bangon Mama, dan shirun da falon yayi ba ƙararsa ya hana ni sukuni. Sai hoto ɗaya, sai wani ƙaramin tulun yumɓu. Shi ke nan, wata ya cika ban ko tuna me ke cikin sauran kwalayen ba. Akwai wani mai zanen kayan ɗaki ɗan Ingila, William Morris, tun 1880 yace kar ka ajiye abu a gidanka sai wanda ka san yana da amfani ko ka yarda yana da kyau. Ni na ƙara na uku, wanda in babu shi zaka ji kewa. Agogon nan yanzu shi kaɗai ne a bangon da ke kallon ƙofa, da kuwa a tsakiyar firam tara yake.

Baban Yara:
Ƙari ɗaya Hajiya tunda kina da yara. Wayoyin talabijin, caja, rimot, kayan wasa, su ne ke hargitsa falo fiye da kayan ado. Durowa mai murfi a ƙarƙashin talabijin ta fi kanta buɗaɗɗiya, ki sa a huda bayanta wayoyi su bi ta nan. In zaki canja tebur kuma ki nemi mai zagaye, ba kusurwar da zata sami goshin yaro. Kabad ɗin gilas ɗin nan in zai zauna a ɗaure shi da bango, yara na hawa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da yamma na bi shawarar Maman Iman, kwali uku suka cika. Ƙananan tebura biyu sun fita, rabin saitin kujerun ma na kai ɗaki, amma na bar mai hannu ɗaya saboda surukata kamar yadda Yaya Sadi yace. Na auna hanyar shiga kicin, da santimita 40 ce, yanzu 85. Labulen nan shuɗi mai duhu shi na zaɓa ya zauna, na cire ninki biyun da ke bayansa, ashe tagar babba ce haka. Da safe yaran suka shimfiɗa littattafansu a tsakiyar falo suna zane. Baban Yara dan Allah teburin mai zagayen, wane faɗi zan nema in doguwar kujerar mita biyu ce?