Neman shawara: Ɗana ya fara shakkar cewa Allah ne ya halicci sama da ƙasa

Tambaya daga wata uwa:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman shawararku a kan ɗana na fari, wanda yake karatun fiziks a jami'a, domin maganarsa ta kai inda ni da mahaifinsa muka kasa tsayawa a kan ra'ayi ɗaya. Yaro ne mai ladabi, bai daina zuwa sujada ba, bai kuma taɓa yin ba'a da sunan Allah a gabanmu ba. Sai dai da ya zo hutu na lura cewa idan jama'a suka miƙe domin faɗar shaidar bangaskiya, shi ma yakan miƙe, ya haɗa hannayensa a baya, amma leɓɓansa ba sa motsi tun daga jimlar farko, inda muke cewa mun gaskata da Allah Uba Mai Iko Duka, Mahaliccin sama da ƙasa. Da na tambaye shi a keɓe, sai ya ce mini ba ya son ya furta a gaban jama'a abin da zuciyarsa ba ta tabbatar ba.

Ya ce a ajin yara na ikilisiya an koya masa cewa duniya ba ta wuce shekaru 6,000 ba, amma yanzu ya ga hujjoji da lissafinsu da ke nuna cewa sararin samaniya ya kai shekaru biliyan 13.8, don haka idan an yi kuskure a shafin farko na Littafi Mai Tsarki, bai ga abin da zai sa ya amince da sauran shafukan ba. Ya ƙara da cewa idan kowane abu sai da mai yinsa, to wane ne ya yi Allah? Mahaifinsa yana ganin a tsawata masa tun abin bai yi nisa ba, ni kuwa ina tsoron kada tsawar ta rufe bakinsa ta bar shakkar tana girma a ciki. Ba ni da ilimin da zan ja da shi a kan taurari. Ku taimake ni da abin da ya kamata in faɗa masa, da kuma abin da bai kamata in faɗa ba.

Amsa daga wani malamin kimiyya:

Mama, Allah ya ba ki natsuwa. Abin da zan fara roƙonki shi ne kada ki ƙaryata lissafin da ya kawo miki, domin lissafin yana da tushe, kuma idan ya ga kina musun abin da ya tabbatar da hannunsa a aji, zai ɗauka cewa bangaskiya ba ta rayuwa sai a inda aka rufe ido. Amma akwai tarihin da nake zaton ba a ba shi ba. Mutumin da ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya ya faro ne daga wani ƙanƙanin mafari firist ne na ɗarikar Katolika, ɗan ƙasar Beljiyam, mai suna Georges Lemaître. A 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya ce idan aka bi faɗaɗar nan baya za a isa mafari guda. Manyan masana da yawa sun ƙi ra'ayin da farko, kuma Fred Hoyle, wanda ya laƙaba masa sunan Babbar Fashewa a wani shirin rediyon BBC a 1949, yana cikin masu adawa da shi har ƙarshen rayuwarsa, domin shi ya fi yarda da sararin da ba shi da farko.

Abin da ya karkatar da gardamar shi ne aikin wasu masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, waɗanda wata 'yar ƙara ta dame su a na'urarsu ta kama saƙon rediyo. Duk inda suka juya na'urar ƙarar tana nan, har suka hau suka kankare kashin tantabarun da suka yi sheƙa a cikinta, ƙarar ba ta tafi ba. A 1965 aka gane cewa ragowar zafin farkon sararin samaniya ne suke ji. Lemaître ya sami labarin nan kafin rasuwarsa a 1966.

Sai dai ki lura da wani abu, Mama, domin a nan hikimar mutumin take. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna cewa binciken nan ya ƙarfafa labarin halitta, Lemaître bai ji daɗin haɗa biyun haka ba. Ya san cewa ra'ayin kimiyya yana iya sauyawa idan sabuwar hujja ta zo, kuma bai so a jingina bangaskiya ga abin da gobe za a iya gyarawa ba. Saboda haka ban ce ki gaya wa ɗanki cewa kimiyya ta tabbatar da Allah ba. Ki gaya masa cewa mutumin da ya fi kowa kusa da lissafin da yake koya ya ci gaba da hidimar Allah har mutuwarsa, ki kuma bar shi ya binciki dalili da kansa.

Amsa daga wani dattijon ikilisiya:

'Yata, na karanta abin da malam ya rubuta, na kuma ƙaru, amma ba zan ɓoye miki matsayina ba. Ni ina karanta kwanaki shida na halitta da ke Littafin Farawa a matsayin kwanaki na gaske, domin a Fitowa 20:11 Ubangiji ya kafa dokar Asabar a kan cewa cikin kwana shida ya yi sama da ƙasa da teku da abin da ke cikinsu, ya huta a rana ta bakwai. Abin da nake tsoro shi ne idan muka saba da sassauta nassi duk lokacin da masana suka yi magana, wata rana za a zo kan tashin Yesu daga matattu, wanda shi ma ba ya bin ƙa'idar da ake koyarwa a aji. Ibraniyawa 11:3 ya ce ta wurin bangaskiya ne muka gane cewa da maganar Allah aka tsara duniya, har abin da ake gani bai fito daga abubuwan da ake gani ba. Bai ce ta wurin awo ba.

Duk da haka, a kan tsawa ina tare da ke, ba tare da maigidanki ba, kuma ina roƙonsa ya yi haƙuri da maganar tsoho. Yaron da ya ƙi furta abin da bai tabbata ba yana da tsoron ƙarya, kuma na ga masu faɗar shaidar bangaskiya da ƙarfi waɗanda ba su da wannan. Yahuza aya ta 22 ta umarce mu mu ji tausayin masu shakka. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya sami wanda zai saurare shi.

Amsa daga wani fasto:

'Yar'uwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da gidanki. Baba da malam sun bambanta a kan kwanakin, kuma ina so ɗanki ya ga wannan bambancin da idonsa, domin dukansu biyu suna miƙewa su faɗi jimlar da ta gagare shi ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Shaidar bangaskiya da aka tsara a taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya a 325, aka kuma faɗaɗa a 381, ta ce Allah ne ya yi dukan abubuwa, na bayyane da na ɓoye. Ba ta ambaci shekarun duniya ba. Littafi Mai Tsarki ma bai rubuta shekaru 6,000 a ko'ina ba. Adadin ya fito ne daga lissafin da mutane suka yi da jerin zuriya, kuma wanda ya fi shahara shi ne na James Ussher, babban bishop a Ailan, wanda a 1650 ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya aka riƙa buga wannan adadi a gefen shafi a wasu bugun Turanci, har masu karatu da yawa suka ɗauke shi tamkar nassi. Mutum ne mai ilimi da himma, amma lissafinsa lissafin mutum ne.

Tambayar kwanakin kuwa ta girmi kimiyyar zamani nesa ba kusa ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya lura cewa a Farawa sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata, ya kuma yarda cewa yana da wuya ƙwarai a gane irin kwanakin da suka gabaci wannan. Ya kuma gargaɗi masu bi kada su riƙa faɗar abin da ba su sani ba game da sama da taurari suna danganta shi ga nassi, domin wanda bai gaskata ba, idan ya san gaskiyar lamarin, zai raina littafin gaba ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami ɗanki. Ina girmama damuwar Baba, kuma tana da nauyi, amma tashin Yesu manzanni sun kafa shi ne a kan shaidar waɗanda suka gan shi, har Bulus ya ce idan bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. Ba a taɓa faɗar haka a kan tsawon kwanakin Farawa ba.

Yanzu ga tambayarsa ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi. Masu bi ba su ce kowane abu sai da mai yinsa ba. Abin da muke cewa shi ne duk abin da ya fara kasancewa, ko wanda kasancewarsa ta dogara ga wani abu, yana bukatar tushe. Idan Allah yana da mai yinsa, to shi ma halitta ne, kuma ba shi muke bauta wa ba. Zabura 90:2 ta ce tun kafin a kafa duwatsu, daga har abada zuwa har abada, shi Allah ne. Agustin ya ƙara da cewa an yi duniya ne tare da lokaci, ba a cikin lokaci ba, don haka tambayar abin da ya riga Allah ba ta da wurin tsayawa. Ɗalibin fiziks ya fi yawancinmu shirin gane wannan, tun da an koya masa cewa lokaci da sarari a ɗaure suke da juna.

Abin da nake ganin ya fi muhimmanci, wanda kuma ba mu cika koyar da shi ba, shi ne cewa halitta ba aikin da aka gama aka tafi ba ce. Magini yana iya mutuwa gidan da ya gina ya ci gaba da tsayawa, amma waƙa tana nan ne muddin mawaƙin bai yi shiru ba, kuma dangantakar duniya da Allah ta fi kama da ta biyun. Kolosiyawa 1:17 ta ce a cikin Almasihu ne dukan abubuwa suke manne da juna, Bulus kuma ya gaya wa mutanen Atina cewa a cikin Allah muke rayuwa, muke motsi, muke kasancewa. Fiziks yana bayyana yadda wani hali ya haifi wani bisa ƙa'ida, yana kuma yin haka da kyau ƙwarai. Amma me ya sa akwai ƙa'idar tun farko, me ya sa akwai wani abu maimakon babu, me ya sa kuma hankalin ɗan Adam yake iya karanta tsarin taurarin da bai taɓa zuwa ba? Waɗannan tambayoyi suna nan daram ko an ce shekaru 6,000 ko an ce biliyan 13.8.

Amsa daga wata 'yar'uwa:

Yaya, ni ƙarin da zan yi kaɗan ne. Kada ki tara masa dukan waɗannan amsoshi a zama ɗaya kamar an kafa masa kotu. Ki roƙe shi ya koya miki yadda aka auna shekarun sararin samaniya, ki saurara har ya gama, ki yi masa tambaya a inda ba ki gane ba. Idan ya ga mahaifiyarsa ba ta tsoron iliminsa, zai fi sakin jiki ya ji nata. Kuma ku daidaita da mahaifinsa tukuna, domin idan ɗaya yana lallashi ɗaya yana tsawa, yaron zai daina kawo maganar gida.

Uwar ta sake rubutowa:

Na gode ƙwarai, Baba, Fasto, malam da ƙanwata, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifinsa amsoshinku, ya kuma yarda ya jinkirta tsawar. Abin da ya rage masa shi ne shirun da yaron yake yi a cikin sujada, domin yana ganin ƙannensa za su lura su yi koyi da shi. Shin mu bukace shi ya riƙa faɗar shaidar tare da kowa, ko mu ƙyale shi?

Amsar faston:

'Yar'uwa, kada ku tilasta masa. Shaidar tana farawa ne da cewa na gaskata, kuma idan aka fitar da ita daga bakinsa da ƙarfi, abin da za ku koya masa shi ne cewa ikilisiya ta fi son sauti a kan gaskiya. Ya ci gaba da zuwa, ya zauna tare da ku, ya ji ana faɗarta. Idan yana son abin da zai iya furtawa da zuciya ɗaya a yanzu, ku nuna masa Markus 9:24, inda wani uba ya ce wa Yesu ya gaskata, ya kuma roƙe shi ya taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa bai kore shi ba, ya warkar da ɗansa. Game da ƙannensa, idan suka tambaya, ku gaya musu a sauƙaƙe cewa yayansu yana nazarin wasu tambayoyi masu nauyi kuma kuna yi masa addu'a, kada ku mai da shi abin kwatance a gida.

Kafin ya koma makaranta, ku nemi faston ikilisiyarku ya haɗa shi da wani mai bi da ya yi karatun kimiyya mai zurfi, wanda zai iya zama da shi a kan lissafin da kansa. Su karanta Farawa 1 da 2 tare da Ayuba 38 da farkon Bisharar Yahaya, su rubuta abin da nassin ya faɗa a gefe ɗaya, abin da aka ƙara masa a baki kuma a ɗaya gefen. Idan Baba zai yarda, ina so shi ma a gayyace shi zaman, domin yaron ya ji hujjar masu riƙe da kwanaki shida daga bakin wanda ya yi imani da ita.