Da gaske ne yawun namiji ya fi na mace warkar da rauni?

Abdu: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya wani saƙon murya ke yawo a Yamai, mai maganar na cewa masana sun tabbatar yawun namiji ya fi na mace magani, wai an gwada a kan ɓeraye. Ni kam na gamsu, don na san har kyautar Nobel an bayar a kan yawun ɓera.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Abdu, ɓeran gaskiya ne, amma tsallen da aka yi daga ɓera zuwa mutum shi ne ƙaryar. A 1940 wani masani Bafaranshe, Antoine Lacassagne, ya lura cewa mabuɓɓugar yawu ta ƙarƙashin haɓar ɓera namiji ta bambanta da ta mace. Idan ka ɗora yankanta a mikroskop za ka ga waɗansu murɗaɗɗun bututu. Na namiji manya ne, cike maƙil da ƙwayoyi, har suna mamaye fili. Na mace sirara ne, ƙwayoyin kaɗan. Kuma bambancin ba ya fitowa sai ɓeran ya kai balaga.

Abdu: To Malam, ai ka gaskata ni ke nan.

Malam Isufu: Bari in ƙarasa, ƙanena. Mutum ba shi da wannan sashen bututun sam. Abin ɓera ne da danginsa.

Likita Harisu: Ni a matsayina na likitan dabbobi, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin ba a kafe yake ba. Idan aka fiɗiye ɓera namiji, bututun nan sai su motse su koma kamar na mace. Idan aka yi wa mace allurar testosteron, wato sinadarin maza, sai nata su kumbura su cika. Duk wanda ya taɓa kiwon rago ya san yadda fiɗiya ke sauya ƙira da ɗabi'a, to a nan ma hakan ne, sai dai a cikin haɓa. Sinadarin maƙoshi, wato tiroksin, shi ma yana da hannu wajen girman bututun. Saboda haka ko a ɓeran ma, maganar sinadarin da ke yawo cikin jini ce.

Hajiya Mariyama: Ni ungozoma ce, ku yi mani bayanin Nobel ɗin, don shi ne hujjar Abdu.

Malam Isufu: Hajiya, a 1986 aka ba Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen. Suna neman sinadarin da ke sa jijiyoyi tsiro, wanda ake kira NGF. Cohen ya same shi da yawa cikin dafin maciji, sai ya yi tunanin duba mabuɓɓugar yawun ɓera, ya tarar ta namiji ta fi kowane wuri wadatarsa. Da ya riƙa yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tatso, sai ya ga idanunsu na buɗewa tun wajen kwana 7, alhali a ƙa'ida sai kwana 12 zuwa 14, haƙora ma na fitowa da wuri. Daga nan ya ware wani sinadarin daban mai sa ƙwayoyin fata girma, wanda ake kira EGF, a 1962. Kyautar ta gano waɗannan sinadarai ce. Babu wanda ya ce a shafa yawu a ciwo.

Likita Harisu: A nan zan ɗan saɓa maka, Malam. Kada mu kore maganar warkarwa gaba ɗaya. A 1979 mujallar Nature ta wallafa gwajin da ya nuna ɓerayen da aka cire wa mabuɓɓugar yawu raunukansu sun fi jinkirin haɗewa. Lasar da suke yi wa juna tana da amfani. Yawun mutum ma yana ɗauke da EGF, ko da yake bai kama ƙafar na ɓera namiji ba.

Abdu: Alhamdu lillahi, Likita ya dawo layina.

Likita Harisu: A'a Abdu. Na ce yawun ɓera na taimakon raunin ɓera. Ban ce na namijin mutum ya fi na mace ba.

Hajiya Mariyama: Ni abin da ke ci mani rai ke nan. Ku kuna maganar ɓera, ni ina tunanin cibiyar jariri. Bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta, shi ya sa cizon mutum ke saurin ruɓewa. Da idona na ga cibiya ta yi ja, ta kumbura, tana fitar da ruwa mai wari, saboda abin da aka shafa mata a gida. Yau in wani uba ya ji wannan saƙo ya tofa wa cibiyar ɗansa yawu, wa zai ɗauki alhakin? Don Allah Abdu, kada ka tura shi gaba.

Abdu: Hajiya, na ji, ba zan tura ba. Amma har yanzu ban yarda cewa binciken bai shafe mu ba. In bai shafe mu ba, me ya sa ake ta kashe kuɗi a kai?

Malam Isufu: Ya shafe mu ta wata fuskar. Akwai ciwon Sjögren, inda garkuwar jiki ke afka wa mabuɓɓugar yawu da ta hawaye, baki ya bushe, ido ya yi kamar an zuba yashi. Wajen 9 cikin 10 na masu shi mata ne. Ana amfani da ɓeraye don gano dalilin. Sannan shekara da shekaru masu bincike da yawa ɓeraye maza kawai suke ɗauka, har sai da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta a 2016 a riƙa la'akari da jinsi a binciken da take ba kuɗi.

Hajiya Mariyama: Wannan ciwon kam ya kamata matanmu su san shi. Mace za ta ce bakinta na bushewa, ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa, a ce mata hunturu ne ko zafin Yamai.

Likita Harisu: Gaskiya ne Hajiya. Amma Malam, ko a nan sai an yi hattara. A wani irin ɓeraye da ake kira NOD, waɗanda ake gwajin da su, mata ne suka fi samun kumburin mabuɓɓugar yawu, maza kuwa ta hawaye ce ke kumbura masu. Ta yaya za ka ɗora wannan kai tsaye a kan macen da baki da ido duka suka bushe mata?

Malam Isufu: Ba kai tsaye ba. Amma da ba a haɗa jinsin biyu a gwajin ba, da wannan tambayar taka ma ba ta taso ba.