Neman kalmar Hausa: me za mu kira camelCase, snake_case da kebab-case?

Salam 'yan uwa masu rubuta kod da malamanmu na Hausa. Ga wata magana da nake so mu daddale yau, don duk wanda ya taɓa koyar da furogiramin da Hausa ya san inda harshe ke sarƙewa. Kana cikin bayani tiryan-tiryan sai ka zo kan yadda ake rubuta sunan bariyabul, wato ma'ajiyar da ake sa bayani a ciki a kod, daga nan sai ka koma Turanci ba shiri.

Ga waɗanda ba 'yan harka ba, matsalar ita ce kwamfuta ba ta yarda ka bar fili a tsakiyar suna ba. In kana so ka adana ranar haihuwa ba za ka rubuta "ranar haihuwa" haka kalma biyu a rabe ba, dole ka manne su. To mannewar ce kowane yaren furogiramin da yadda mutanensa suka saba. 'Yan JavaScript da Java su rubuta ranarHaihuwa. 'Yan Python su rubuta ranar_haihuwa, haka takardarsu ta ƙa'idojin rubutu, PEP 8, ta tsara tun 2001. A CSS, yaren ƙawata shafin intanet, da adireshin shafin kuma ranar-haihuwa. Suna ɗaya, kamanni uku, kuma ko da baƙi ɗaya ka kuskure kwamfuta za ta ce ba ta san shi ba.

Mu fara da mai sauƙin. kebab-case wallahi ba sai mun wahala ba, TSIRE ne. Kalmomin su ne yankan nama, karan ɗorin da ke tsakani shi ne tsinke. Salon tsire, shikenan. Kar wanda ya kawo min balangu ko kilishi, su ba su da tsinke. Kuma ɗalibi zai riƙe shi da wuri: tsire ba ya shiga sunan bariyabul a yawancin yaruka, saboda in ka rubuta kudi-haraji kwamfuta za ta ɗauka lissafi ka ba ta, wato ta cire haraji daga kudi. Shi ya sa abin da CSS ke kira background-color, da ka shiga JavaScript sai ya koma backgroundColor.

camelCase kuma wasu sun ce "rubutun raƙumi". Ba laifi, amma ni ina ganin raƙumin ba shi ne zancen ba, TOZON ne. Babban baƙin da ya taso a tsakiyar suna shi ake nunawa. Salon tozo. Ya fi gajarta, kuma yaron da bai taɓa ganin raƙumi ido da ido ba ai ya san tozon bijimi. Wani ya kawo "doro", a'a dan Allah, doro akwai cin fuska a ciki, ba ma so a aji a fara tsokanar wani.

Inda aka ɗan ja daga shi ne PascalCase, wato RanarHaihuwa, da baƙin farko shi ma babba. Sunan ya samo asali ne daga yaren Pascal da Niklaus Wirth ya fitar a 1970, wanda yaran yanzu mafi yawansu ba su taɓa buɗewa ba, to me za mu ci da sunan a Hausa? Shawarata TOZO MAI RAWANI. Tozo ne dai, sai dai an naɗa wa kansa. Kuma rawanin nan ba ado ba ne kawai, a Java da Python shi ake sa wa sunan kilas (samfurin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga gare shi), a React (kayan aikin gina fuskar manhaja) in ba ka fara sunan kamfonent, wato ɓangaren shafi, da babban baƙi ba zai ɗauke shi a matsayin tag na HTML, a yaren Go kuwa abin ya fi tsanani, babban baƙin farko shi ke ba wa suna izinin a gan shi daga wajen fakej ɗinsa, wato ƙunshin kod ɗin da yake ciki, in ƙarami ne yana nan a kulle a cikin gida. A aji ma kana iya gajarta shi ka ce "sa masa rawani" kowa ya gane.

snake_case: malam ɗaya ya ce a bar shi "salon maciji" tunda haka yake a asali. Allah ya gafarta malam, ina da ja. Na ɗaya, yaren da ya fi amfani da shi sunansa Python kuma tambarinsa macizai ne, to in ka ce wa sabon ɗalibi "rubuta da maciji" bai san yaren kake nufi ko salon ba. Na biyu, abin da ido ke gani shi ne layin nan da ya kwanta a ƙasa yana jan kalmomi. JAN CIKI. Muna da kalmar tuntuni, ita muke kiran su maciji da ƙadangare da ita. In kuma duka manyan baƙaƙe ne kamar ADADIN_DALIBAI, wanda ake yi wa ƙimar da ba ta canzawa, sai mu ce jan ciki mai ihu. Alamar _ ita kanta, tunda muna kiran alamar - karan ɗori, sai mu ce mata karan ƙasa.

Kalmar "case" gaba ɗaya salo ta wadatar. "Naming convention" kuma ƙa'idar raɗa suna. "Convert" juyawa: juya tozo zuwa jan ciki.

Juyawar nan fa ita ce aikin yau da kullum, ba wasa ba. Fuskar manhaja da JavaScript ta turo ranarHaihuwa, sabar da aka rubuta da Python tana jiran ranar_haihuwa, ba wanda ya yi ƙara, kawai ka buɗe rumbun bayanai ka tarar gurbin ba komai. PostgreSQL ma, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, nasa salon daban, in ka ba shi ranarHaihuwa ba tare da alamar zance ba sai ya danne tozon ya mai da shi ranarhaihuwa. Kuma juyin ba kullum yake komawa yadda yake ba: lambarBVN in ta zama lambar_bvn, ka sake juyo ta lambarBvn za ka samu, manyan baƙaƙen sun tafi.

Sai namu ciwon kan na Hausa. Python 3 da JavaScript duka sun yarda ka sa ƙ da ɗ da ɓ a suna, amma yawancin 'yan guntayen kod ɗin juyi da ake kwafowa A zuwa Z kawai suke dubawa su gane tozo. To sunanƊalibi ba za su ga Ɗ a matsayin babban baƙi ba, ba za su raba kalmar ba. Ga kuma alhamza, ma'aikaci da sa'a da 'ya'ya duk ba sa shiga suna. A nan 'yan uwanmu na Nijar sun huta da guda ɗaya tunda su ƴ suke rubutawa, ƴaƴa ya wuce lafiya lau. Ni dai a kod ɗin aiki ina rubuta dalibi da maaikaci ba lanƙwasa, in ajiye cikakkiyar Hausa a rubutun da mai amfani zai gani.

Ɓangare na biyu na maganar shi ne sauya siffar kalmar kanta, pluralize da singularize. A nan ba ma buƙatar ƙirƙira, malaman nahawu sun riga mu: tilo da jam'i. Mayar da jam'i, mayar da tilo, ko jam'intawa ga mai son kalma ɗaya. Abin da ya sa ya shafe mu, Ruby on Rails, kayan aikin gina manhajar intanet, in ka raɗa wa model (kilas mai wakiltar bayanai) suna Person shi da kansa zai nemi tebur mai suna people a rumbun bayanai, takwaransa Laravel ma haka yake yi. Da dokokin Turanci aka gina su. Ba shi Gida ya ba ka gidas, ba shi Yaro ya ba ka yaros. Wanda ya fi ban dariya makaranta, saboda ta ƙare da "ta" Rails na ɗauka jam'i ce irin ta Latin kamar data, ka ce ya mayar da ita tilo sai ya miƙo maka makarantum.

Ba na ma ganin laifinsa sosai, jam'in Hausa ko mutum sai ya sha wuya. Gida gidaje, yaro yara, mace mata, akuya awaki, littafi littattafai, kasuwa kasuwanni. Wace doka ɗaya za ka rubuta ta kama waɗannan? Mafita a Rails ita ce ka buɗe fayil ɗin inflections.rb ka jera su da hannu da inflect.irregular, ko ka faɗa wa model sunan teburinsa kai tsaye ka huta.

Wadda ta rage min ita ce Inflector, sunan injin da ke duk wannan aikin. A darasin ƙirar kalma inflection shi ake kira kumbura, kishiyar tsira. To amma "mai kumbura kalma" in na faɗa a aji dariya za a yi, wani zai ce ƙurji ne. Na fi karkata ga "majuyin suna" tunda yana juya salo yana kuma juya tilo da jam'i, sai dai majuyi ya yi kama da na tuwo. Malaman nahawu, ku taimaka mana da wannan ɗaya.