Taƙaitattun Shawarwari Kan Lasisin Gidajen Abinci a Bama

Tun da mutanen Bama suka fara komawa gida a shekarar 2018, shekara uku bayan sojoji sun ƙwato garin daga hannun Boko Haram, sayar da abinci na cikin sana'o'in da suka fara farfaɗowa, shi ya sa a wata tattaunawa da na halarta, wadda zan taƙaita shawarwarinta a nan, magana ta karkata ga batun lasisi.

An tunatar cewa tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin kula da gidajen abinci da gidajen burodi, don haka can ya kamata a nemi izini, kuma kada a biya ko sisi sai da rasit. Kayan da ake ɗurawa a leda ko kwalba kuwa hurumin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa ne, wato NAFDAC.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan kuɗi. Mafi yawa sun ga bai dace a daidaita mai babban gidan abinci da matar da rikici ya raba da mijinta ba, wadda jarinta bai wuce tukunya ɗaya da murhu da benci a ƙarƙashin rumfar kwano ba. Shawararsu ita ce a yi mata rajista kyauta, a ɗaga mata ƙafa har ta tsaya da ƙafarta, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari.

A kan tsafta kam babu wanda ya nemi sassauci, domin ba a manta da kwalarar da ta ɓarke a Borno a 2017 ba. An nemi duba-gari su riƙa leƙa randar ruwa da wurin wanke-wanke, su fara da gargaɗi kafin su kai ga rufe rumfa.